Faifan Baba Injiniya

"Wannan ba ta yi ba," in ji Baba Injiniya, ya ture kwamfuta ta huɗu da bakin sandarsa. "Yarinya ce. Tsohuwa nake nema."

Mai shagon ya dube ni, ni kuma na dubi rufi. Ni kafinta ne, katanga ɗaya ta raba gidana da na Baba, kuma rakiya kawai na yi don ƙafafunsa sun fara ƙin ɗaukarsa. Abin da na sani game da kwamfuta bai wuce teburin da ake ɗora ta ba.

Tun da ya yi ritaya daga ofishin waya, shekara goma sha bakwai ke nan, Baba yake rubuta babbar manhaja tasa ta kansa, wato abin da ke tayar da kwamfuta ya gaya mata yadda za ta yi komai. Ba mai saye, ba mai jira. Matarsa, Inna, takan ce da gona ya yi wa wannan hidimar da unguwa ta ƙoshi. Sai na'urarsa ta ƙone a watan da likita ya gaya masa abin da ke cin huhunsa, manhajar kuma ba ta tashi a kan kowace na'ura sai irin waccan. Ya ce saura ƙiris ya gama, yana son ya ga ta tashi cikakkiya kafin a kira shi.

A can ƙuryar shagon, ƙarƙashin tarin wayoyi, aka jawo wata ruwan toka mai nauyin buhun siminti. Baba ya sa aka kwance gefenta. Ya ɗora tabarau, ya bi lambobin ciki da yatsa, ya sunkuya ya sansana ko akwai warin ƙuna.

"Ita ce," ya ce, sai ga dariya. Rabona da ganin haƙoransa tun kafin asibiti.

"Baba, wannan ai ta girmi shagona. Akwatin wutarta ma ya mutu, sai na canja. Ku dawo jibi."

Baba ya zaro faifan ajiyar da manhajar ke ciki daga aljihu, a naɗe cikin hankici. Sauran kwafin da ya adana rima ta lalata su tun bara, saura wannan. Yana miƙa wa mai shagon tari ya sarƙe shi, na riƙo shi muka fita. A kan benci a waje ya kama hannuna.

"Koma ka gaya masa, ɗaura faifan a na'urar kawai zai yi. Kada ya taɓa abin da ke ciki."

Na koma. Masu ciniki uku sun rufe mai shagon. Ni kuma ba abin da na tsana irin mutum ya tsaya a kaina yana koya mini riƙon zarto, sai na ji nauyin koya wa mai sana'a sana'arsa a gaban jama'a.

"Maigida, a kula da kayan tsohon nan," na ce.

"Kada ka damu, kamar ubana ne."

Ranar karɓa Baba bai iya tashi ba, ni kaɗai na je. Mai shagon ya tarbe ni da fara'a.

"Na kunna na ga allo baƙi ƙirin, wasu rubuce-rubuce marasa kan gado. Ni kuwa kaya ba ya fita shagona a hargitse. Na goge komai tas, na zuba masa sabuwar manhaja, har da hotuna da waƙoƙi. Wannan gyara ce, ba sai an biya ba, ka gaishe shi."

Na tambaye shi ko ana iya dawo da abin da aka goge. Da ya gane abin da ya faru, ya riƙe kai. Ya gwada har rana ta karkata, bai samo ko layi ɗaya ba. Ban zage shi ba. Da wane baki?

Da na kawo kwamfutar gida na tarar Baba ya sa Inna ta jingina shi da matashi biyu, an share teburin gefen gado. Na jona wayoyin yadda yake nuna mini. Shi ya danna maɓallin da kansa.

Allon ya kawo shuɗi mai haske, da wani ɗan kiɗa. Baba ya daɗe yana kallo.

"Ka gaya masa?"

"Ban gaya masa ba, Baba."

Na so ya zage ni, ko ya ɗauki sandar nan ya kwaɗa mini. Sai ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Inna, ba ni littafi da biro."

"Haba Malam, a wannan halin?"

"Farkon manhajar yana kaina. Ba ni."

Kwana biyar ya yi bayan nan. Kullum da hantsi nakan shigo in riƙe masa littafin, shi yana rubutu, ya tsaya, ya soke, ya dubi bango. A rana ta uku ya ce, "Na san akwai wani abu a nan, amma ya tafi." Bai ƙara ta da zancen shagon ba, kuma shirun nan ya fi mini duka ciwo.

Ina cikin fere ƙofa da safe na ji kukan Inna ta kan katanga.

Bayan an watse daga zaman makoki ta miƙo mini littafin, ta ce ko zan san wanda zai iya karantawa. Ban san kowa ba. Na buɗe a tsakar gidansu: shafi biyu da rabi. Layukan farko a miƙe suke, na ƙarshe sun gangara ƙasa har suka fita daga gefen takardar.