Sarki na Sha Biyu

"Ɗaga ni, Dufie. Kai ni wurin Uwar Sarauta."

Maame Dufie ta ajiye kifin da za ta banda, ta tallafo maƙwabcin nata, Nana Oduro. Ƙafafunsa da suka kumbura suka ƙi ɗaukarsa, ya zube kan tabarma yana haki.

Shekara goma sha tara Nana Oduro yana sarautar garin nan na bakin tafkin Bosomtwe, har ranar da dattawa suka tuɓe shi saboda ya ba masu otal gaɓar da masunta ke shanya taru. Tun daga nan Dufie ke miƙa masa tuwon fufu ta kan katanga.

"To je ki ke," ya ce. "Sunan sarki sha ɗaya ake kira a ɗakin kujerun kakanni, inda kowane sarkin da ya rasu ke da kujerarsa. Ni ne na sha biyu. Kada su tsallake ni."

Da gudu ta hau tudu, ta durƙusa gaban Nana Afrakoma, Uwar Sarauta, wadda yayarsa ce ciki ɗaya.

"Nana, ƙaninki ba zai ga gobe ba. Wa ya gina makarantar garin nan?"

"Na sani. Ni na goya shi."

"To a ajiye masa kujera."

"Wanda aka tuɓe ba shi da kujera. Ba ni na kafa dokar ba."

"Ko sunan kawai, Nana. Ina roƙonki."

"Mijinki ina yake shanya tarunsa yanzu?"

Dufie ta riƙe ƙafar tsohuwar tana kuka, har aka zo aka ɓamɓare hannunta.

Ta koma ta tarar da Nana Oduro ya zuba wa ƙofa ido.

"Me ta ce?"

"Ta ce za a kira ka."

Ya daɗe yana kallonta. "Tun kina yarinya ba ki iya ƙarya ba." Ya nemi ruwa, bai iya haɗiya ba. Kafin rana ta karkata ya cika.

Ba a buga ganga ba, masunta ma ba su fito daga ruwa ba. Dufie na zaune a bakin ƙofa sai ta hango Nana Afrakoma tana gangarowa ita kaɗai, ba laima, ba 'yan rakiya, da soso da sabulu a hannu.

"Ɗora ruwa, Dufie," ta ce. "Kada ya yi zafi sosai. Ba ya so."