Lemon Lafinta na Wadia

Wadia ta fara shan lemon ne a wajen wani biki a unguwar Madina da ke Accra, ana dab da kama azumi. An miƙo mata shi cikin dogon kofin gilashi, launinsa ja-ja mai haske, ƙanƙara na iyo a sama, ga ganyen na'a-na'a an soka a gefe. Ranar kuwa ana zafin da ko fanka ta juya sai ta turo wa mutum iskar murhu. Ta kurɓa sau ɗaya ta ji sanyi ya sauka har tafin ƙafarta. Ƙanwarta Nadia tana aiki da masu girkin bikin, don haka Wadia ta bi ta har bayan rumfa ta riƙe mata hannu.

"Mene ne wannan kuka ba mu?"

"Lafinta ce da na'a-na'a, Yaya. Ba wuya. Ki dafa ruwa da sukari, ki sauke, ki zuba lafinta cokali biyu da na'a-na'a, ki rufe ya huce. Ki tace, ki matsa lemon tsami, ki ƙara ruwa da ƙanƙara. Shi ke nan."

Wadia tela ce a unguwar Maamobi, kuma ba ta da matsala da kowa a duniya sai lamugin surukarta. Mma Tani, uwar mijinta Gafaru, ta yi shekaru tana sayar da lamugin a bakin titin Nima, wato lemon citta da kanumfari wanda ke sa mutum tari da godiya a lokaci guda. Ta daina sayarwa, amma ba ta daina taƙama da shi ba. Duk ranar da za ta zo shan ruwa gidan ɗanta, da jarkarta take zuwa, ta dire ta tsakiyar tabarma kamar gidan ba su san yadda ake jiƙa maƙoshi ba. Wadia ta yi sobolo, wato zoɓo, tsohuwa ta ce ya yi tsami. Ta yi kunun gyaɗa, ta ce ya yi ruwa. Bana dai Wadia ta ƙudurta sai ta ba ta abin da ba ta taɓa gani ba, balle ta san ta inda za ta kushe shi.

Da ranar zuwan Mma Tani ta matso, Wadia ta tare Gafaru yana shirin fita shagonsa na kayan waya a kasuwar Circle.

"Baban Hafsa, in za ka dawo ka sayo mini lafinta."

"Lafinta? To, an gama. Mai kyau ko ta talakawa?"

"Mai kyau mana. Mma za a ba."

Gafaru ya ji daɗi har ransa cewa matarsa za ta yi wa uwarsa kyauta. A Accra kuwa duk abin da ake fesawa a jiki ya yi ƙamshi lafinta ake ce masa. Da yamma sai ga shi da kwali mai ruwan zinare, ya buɗe da yanga, ya fito da kwalbar turare mai kan lu'ulu'u.

"Mai shagon ya ce in an fesa wannan, ko an wanke kaya ba ya fita."

Wadia ta dubi kwalbar, ta dubi mijinta. "Sha za a yi fa."

"Sha?" Ya janye kwalbar ya ɓoye a bayansa. "Wadia, me Mma ta yi miki da zafi haka?"

Sai da ta kira Nadia a waya ta saka murya a fili kafin Gafaru ya yarda cewa lafinta fure ce da ke tsirowa a ƙasa kamar kowane ganye, kuma akwai mutanen da ke shan ta suna raye. Nadia ta yi dariya har ta ƙware, sannan ta yi alkawarin aiko da ta gaskiya. Washegari wani mai babur ya kawo leda cike da busassun furanni ƙanana masu ruwan toka da shuɗi. Gafaru ya shinshina ya ce shi dai har yanzu turare yake ji.

Ranar da za a yi baƙuwar, Wadia ta rufe keken ɗinki tun bayan azahar. Ta sayo na'a-na'a a kasuwar Nima wurin masu kayan shayi, ta sayo lemon tsami, ta aika aka kawo ƙanƙara. Ta dafa ruwa da sukari ta sauke. Ta ɗebi lafinta cokali biyu ta zuba, ta tsaya tana kallon 'yan furannin suna yawo a saman tukunya kamar ƙwarin da suka faɗa rijiya. Abin ya yi mata kama da rowa. Cokali biyu ai na masu biki ne da ke son riba. Ita uwar miji za ta tara. Ta ƙara cokali, ta ƙara wani, daga nan ta kama ledar ta gindi ta zazzage duka, ta bi da na'a-na'a dami guda, ta mayar da tukunyar kan wuta don ya ji jiki sosai.

Ƙamshi ya tashi ya cika tsakar gida, ya fita zaure, ya bi lungu. Wata mata da ke wucewa ta leƙo ta tambaya ko an buɗe shagon aski ne. Da Wadia ta tace, ruwan ya fito wani iri, ba shi da maraba da na kwata bayan ruwan sama. Ta kusa zubar da shi. Amma tana matsa lemon tsami sai launin ya juye a idonta ya koma ja-ja kamar na wajen biki. Ta yi hamdala a fili.

Sai a lokacin ta tuna tana azumi. Ba ta da halin ɗanɗanawa. Gafaru na azumi, 'yarsu Hafsa na azumi, kusan duk gidan hayar na azumi. Mutum ɗaya ce ba ta yi, Anti Akwele, 'yar ƙabilar Ga mai sayar da dokunu, wato tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ganye, wadda ke ɗakin ƙarshe kusa da famfo. Wadia ta cika kofi ta kai mata.

"Anti, taimake ni ki ɗanɗana. Ki faɗa mini gaskiya."

Anti Akwele mace ce mai kunya da ladabi, ba ta taɓa ɓata wa maƙwabci rai ba. Ta kurɓa. Ta daɗe ba ta haɗiye ba. Idanunta suka kawo ruwa, ta dafa bango, sannan ta haɗiye da ƙyar kamar mai shan maganin zazzaɓi.

"Yaya kika ji?"

Anti Akwele ta lalubo 'yar Hausarta. "Wannan abu, yana da tsabta sosai paa."

"Tsabta?"

"Ciki na duka ya yi wanka."

Wadia ta ɗauka yabo ne. Ta koma ta juye lemon cikin babban jug na gilashi da ta aro, ta jera kofuna.

Mma Tani ta iso ana gab da kiran magariba, jarkarta a hannu. Tun daga zaure ta tsaya ta ɗaga hanci.

"Gafaru, wa ya rasu a gidan nan?"

"Ba kowa, Mma."

"To wa ake wa wanka? Ƙamshin likkafani nake ji."

Wadia ta durƙusa ta gaishe ta, ta karɓi jarkar ta ajiye can nesa bayan ƙofa. Aka zauna. Ladan ya kira salla, kowa ya ci dabino. Wadia ta tsiyaya wa surukarta kofi na farko, ta ba Gafaru, ta ba Hafsa, ta zuba nata. Ƙishirwar yini guda ba ta barin mutum ya yi bincike, don haka duk suka kafa kai tare.

Hafsa ce ta fara tashi da gudu ta yi bakin famfo. Gafaru ya kumbura kumatu yana duban matarsa, yana duban uwarsa, ya rasa wadda zai ɓata wa, ƙarshe ya haɗiye ya ce, "Allahu akbar," da muryar wanda aka taka wa ƙafa. Wadia kanta ta ji kamar ta tauna sabulun wanka an bi da man goge baki. Ɗaci ya riƙe mata harshe, ƙamshi ya fito mata ta hanci.

Mma Tani ta ajiye kofinta a hankali. Ta goge baki da gefen mayafi.

"Wadia."

"Na'am, Mma."

"In mutum ya yi azumi ya buɗe baki da sabulu, azumin yana nan ko sai ya rama?"

Gafaru ya tuntsire da dariya, dariyar ta zo masa da gyatsa, gyatsar ta fito da ƙamshi, sai ya ƙara tuntsirewa. Wadia ta ji hawaye na zuwa. Ta tashi za ta ɗauke jug ɗin ta zubar a kwata, tsohuwa ta riƙe mata zane.

"Ina za ki kai? Sukarin da ke ciki fa? A watan azumi za ki zubar da abinci? Kawo babbar roba."

Aka kawo robar da ake jiƙa wanki, aka wanke ta tas. Mma Tani ta juye lemon a ciki ta ce a zuba ruwa. Aka zuba, ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska. Aka ƙara. Ta ce a kawo sauran ƙanƙarar duka, a matso lemon tsami. Robar ta cika, aka raba biyu aka ɗauko bokiti. Aka cika bokitin, aka aro kular Anti Akwele. Kowane zagaye tsohuwa na ɗanɗanawa tana cewa saura, har aka kai inda ta kurɓa ba ta ce saura ba. Ta sake kurɓa. Ta miƙa wa Wadia ludayin ba tare da ta dube ta ba.

Shi ne. Ɗanɗanon wajen bikin ne sak, sanyin na'a-na'a a gaba, ƙamshin furen na biye a hankali. Matsalar kawai, yanzu suna da lemon da zai ishi unguwa.

Unguwar kuwa ta sha. Gafaru da Hafsa suka yi ta jigila, ɗaki-ɗaki, sannan gida-gida, aka kai bokiti guda ƙofar masallaci. Anti Akwele da ta ga an nufo ta da kofi ta ce ta ƙoshi, sai da ta ga limamin unguwa ya aiko a ƙaro masa sannan ta yarda ta taɓa. Mma Tani ta sha kofi uku tana zaune, kowanne da sharhinsa.

"Ba laifi. Amma babu citta. Abin sha ba citta ai ruwan alwala ne."

Wadia ta yi tsammanin maganar ta ƙare a nan. Washegari da la'asar tana kan keke sai ga sallamar Mma Tani, da citta a ƙulle a leda da turminta ƙarami a ƙarƙashin hammata. Ta ce a kira Nadia ta aiko da wani furen. Aka aiko. Tsohuwa ta zauna kan kujera 'yar tsugune a ƙofar kicin, ta karɓe cokalin awo ta riƙe a hannunta, ta ce wannan ba za a ƙara barin sa a hannun mai zazzage leda ba. Ta daka citta kaɗan ta jefa. Wadia ta so ta yi gardama, amma da aka sha ruwa ta ɗanɗana sai ta fasa, don ya fi na jiya.

Haka aka yi ta yi har ƙarshen wata. Kullum la'asar Mma Tani na ƙofar kicin tana ba da umarni, Wadia na dafawa da tacewa da matsa lemon tsami har yatsunta suka yi fari. Kafin salla, daga Maamobi har Nima ba wanda bai san sabon lemon Mma Tani ba. Mata na tare Wadia a hanya suna cewa ta yi sa'ar suruka mai hikima, ta dage ta koya kafin tsohuwa ta gaji.

Ranar salla Nadia ta zo gaisuwa, ta tarar da yayarta a bayan gida tana wanke kofuna, muryar Mma Tani na tashi daga falo tana bai wa baƙi labarin yadda tunanin haɗa furen da citta ya zo mata.

"Yaya, ai burinki ya cika," in ji Nadia. "Ta sha naki."

Wadia ta miƙa mata soso. "Na so ta sha ne kawai. Ban ce ta tare a kicin ɗina ba. Kama nan, kofunan da yawa."