Aron da Ba a Rubutawa

Duk shekara ma'aikata takan aiko da alƙaluman ɗakunan karatu na ƙasa, kuma duk shekara Jalila, shugabar ɗakunan karatu na wani lardi a kudancin Tunisiya, sai ta yi fama da ciwon kai. Ba wai ta raina lissafin ba ne. Da shi ta samo wa rassanta kujeru, da shi take gane inda maƙwabtan ƙasashe suka wuce su. Amma bana an ja layi: duk reshen da ba a aron littafi a cikinsa sosai, rufe shi za a yi. Na ƙarshe a jerin kuwa reshen ƙauyensu ne, inda ita kanta ta koyi son karatu.

Ta kama hanya ranar kasuwa. Abin da ta tarar ya ɗaure mata kai: rabin kantocin wayam, rajistar aro kuma fara fat.

"Si Lutfi, ina littattafan?" ta tambayi mai kula da reshen.

"Suna gidajen mutane mana, Lalla," ya ce, yana kiranta da laƙabin girmama mata na yankin.

"To me ya hana ka rubutawa?"

Ya dube ta kamar ta ce ya yi salla ba alwala. "In rubuta sunan mutum don ya ari abu? Ke ma fa 'yar gari ce. Tsani ake ara, a ari tukunyar biki, a ari jaki, wa ya taɓa zaro biro?"

Gaskiyarsa, ta sani. A nan, rubuta sunan mai aro daidai yake da ce masa ba ka yarda da shi ba. Sai dai babban birni bai san kara ba, tawada ya sani. Jalila ta zauna a kujerar mai rajista da kanta.

Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Wanda ya fara shigowa Ammi Mabruk ne, wato Baffa Mabruk, tsohon manomin dabino, aminin marigayi babanta Hajji Bulƙasim. Ya ɗauki littafin tarihi ya soke a hammata, ya sa mata albarka, ya juya.

"Ammi, tsaya in rubuta sunanka."

"Kin manta shi ne? Lalle birni ya iya wanke kai."

"Ban manta ba. Mutanen ma'aikata ne ba su san ka ba. In ba su ga sunaye ba, rufe wurin za su yi."

Tsohon ya ajiye littafin a hankali. "Shekarar fari, ruwan rijiyata babanki ya yi ta ba dabinonsa, 'yata. Ban ce ya sa hannu ba."

Ya fita. Kunya ta kama Jalila har ta rasa inda za ta sa kanta.

Kafin la'asar magana ta zaga kasuwa, wai 'yar Hajji Bulƙasim ta zo ƙirga ɓarayi. Sai ga mutane a jere, ba mai ɗaga murya, wannan da kwando cike da littattafai, waccan da ƙunshi a mayafi. Ammi Mabruk da amalanke ya zo. "Ƙirga, kada a ce ɗaya ya ɓata," in ji shi.

Ta yi ta ba da haƙuri har bakinta ya bushe, ba wanda ya tsaya ko shan shayi. Lutfi, yana jera kaya rai a ɓace, ya ce, "Ai kin samu abin da kike nema. Duk abin da aka dawo da shi, an ara ke nan." Haka kuwa ƙa'idar ma'aikata ta ce. Ta rubuta su duka, kuma ba ƙarya ko ɗaya a ciki.

Da shekara ta zagayo, reshen ya tsira, har ya shiga sahun gaba. Ran da aka bugo mata waya tana ƙauyen, don yanzu duk ranar kasuwa takan zo ta zauna, ko wani zai leƙo. Babban darakta ne, murya cike da fara'a. Za a yi taron shugabannin ɗakunan karatu na ƙasashe da dama, ana so ta je ta koya musu yadda ta jawo mutanen karkara ga littafi.

Ta dubi kantocin, cike maƙil, ko gurbin yatsa babu. Lutfi na gyangyaɗi a bakin ƙofa.

"Kina ji na, Madam Jalila?"

"Ina jin ka sarai," ta ce. "Ba kowa a nan."