Tarin Yayana

Maigidana marubuci ne. Littattafansa iri biyu ne, na tarihin mutanen da suka daɗe da rasuwa, da na labarin kisan kai. Ni karatuna bai yi nisa ba, shi ke karanta min ina guga.

Ya sha ce min tarihi ya fi wahala. “Mutum ya mutu tun zamanin kakanni, ina da sunansa da aikinsa, amma ban san yadda yake zama a kujera ba. A na kisa kuwa komai nawa ne, fuska kawai nake nema.”

Fuskar ce ta jawo mana rigima, don aro yake yi a jikin mutanen da ya sani. Yayana mai gyaran agogo ne a bakin titi, yana da wani tari da yake yi kafin ya buɗe baki, kuma da gefen riga yake goge tabarau. Maigidan ya kwashe wannan duka ya ba mai kisa a wani littafinsa, har ya ƙara masa ɗingishi.

Littafin ya karɓu. Masu shagunan layin Yaya suka fara tsokanarsa, in Yaya ya yi tari sai wani ya ce, “A ɓoye wuƙaƙe!” Yaya ya ɗauke ƙafa daga gidanmu. Na ce wa maigidan ya je ya ba shi haƙuri, ya ce in ya gama aikin da ke gabansa zai je. Bai gama ba ciwo ya kwantar da shi, ya rasu.

Yaya ya zo jana'iza, an ce a bayan sahu ya tsaya. Bai shigo gaisuwa ba. Abin ya tsaya min a rai, ba na son mijina ya kwanta da haƙƙin kowa. Da na fita takaba na tafi shagon Yaya.

Na same shi da gilashi a ido ɗaya, ya sunkuya kan wani agogon hannu.

“Yaya, roƙo na zo yi. Ka yafe masa.”

Ya yi tarin nan. “Shi ya aiko ki?”

“Haba Yaya.”

“Ƙanwata, ko kaza matata ke kai wa maƙwabci ya yanka. Ni ne mai kisa? Jikana ma ya tambaye ni ina na binne mutumin.”

Na ce ba can kaɗai ya sa shi ba. Akwai littafin tarihin wani likita na da, wanda ya tsaya cikin gari lokacin annoba kowa na gudu. Maigidan ya rasa yadda zai kwatanta hannun likitan wajen aiki, sai ya riƙa zuwa shagon nan yana zama, wai hira.

“Hannunka yake kallo. Yadda kake riƙe numfashi in za ka ɗauki ƙaramin ƙarfe, haka ya rubuta likitan.”

Yaya ya cire gilashin. “Wa ya karanta wannan?”

“Ba su da yawa.”

“Kin gani! Na kirkin ba mai saye, na sharrin har mai faci ya haddace.”

Dariya ta kusa ƙwace min, sai kuka ya riga ta. Ya bar ni na yi mai isata. Wani ya leƙo da agogon bango a hammata, Yaya ya ce masa ya dawo gobe.

“Ɗingishin fa?” ya ce. “A ina ya ga ina ɗingishi?”

“Wannan na mai wankinmu ne.”

“To shi ma sai ki je ki roƙe shi.” Ya jawo min kujera da ƙafa. “Ni na yafe, duniya da lahira. Allah Ya jiƙansa. Zauna, kin rame.”

Na zauna. Da na tashi tafiya ya rufe shagon, ya rako ni har ƙofar mai wankin.