Ɗakin Mai Wanki Ya Yi Ɗumi

Tun sanyi bai kankama ba Mai Wanki ta rantse bana ba za ta sha wahalar bara ba. A ɗakin wankin wani otal take aiki, hannu cikin ruwa tun safe har yamma, yatsu duk sun tsattsage. Hutunta rana ɗaya ce a mako, kuma ba ta da wani buri a ranar sai ta miƙe ƙafa ta yi barci a wuri mai ɗumi.

Sai ta zage damtse. Ta cusa tsofaffin safa a duk wata kafar taga. Ta ɗinka tsohon bargo a bayan labule. Ta yanke ƙafar wandon Direba, mijin nata, ta ɗura mata garin katako, ta ɗaure baki, ta kwantar a ƙasan ƙofa don kada iska ta saci hanya. Ta shimfiɗa kafet, ta sayo 'yar hita. Ɗaki ya yi ɗumi, sai ka ce an goya mutum a baya.

Bakinta ne ya cuce ta. Ta ƙwanƙwasa ƙofar da ke kallon tasu, inda ƙanwar mijinta take zaune da 'ya'yanta, ta ce, "Zo ki ga aiki."

Ƙanwar miji ta zo ta ga aiki, kuma ba ta koma ba. Ta gaya wa uwarsu da ke ƙasan bene. Tsohuwar da kullum take kukan gwiwa ta hau bene kamar budurwa. Ita kuma ta gaya wa Mai Kitso, maƙwabciyarsu, wadda shagonta ba shi da ko labule.

Ranar hutu ta zo. Mai Wanki ta ja bargo ke nan aka buga ƙofa.

"Matar Yaya, yaran nan mura za ta kashe min su, bari su ɗan sha ɗumi."

Kafin ta rufe, ga uwar miji ta dafo bango. "'Yar nan, ɗora min shayi. Ɗauko min wannan filon, bayana yake so."

Azahar ba ta yi ba sai ga Mai Kitso da kujerarta da wata mata mai kai kamar kwando. "Maƙwabciya, yatsuna sun ƙage, ba sa kama gashi. Yanzun nan zan gama."

Yanzun nan ɗin ya kai la'asar. Gashi a kan kafet, ɓawon lemo a ƙarƙashin kujera, yara sun ɗauke wandon ƙofa suna jan sa kamar akuya, garin katako ya watsu ko'ina. Kowa ya shigo sai ya bar ƙofa a buɗe, sannan ya ce, "Kai, yau hitar nan ba ta ja."

Mako ya zagayo, haka. Wani ya sake zagayowa, har da ƙarin ƙawar uwar miji mai tari.

Mai Wanki ta tare Direba a kicin, tana magana ƙasa-ƙasa, haƙora a cije. "Maigida, ɗaki na gyara ko tasha na buɗe?"

"Haba, ke kuwa. Zumunci ne fa."

"Zumunci bai san hanyar bene ba sai da na sayi hita? Bara da muke karkarwa kamar kajin da ruwa ya doka, wa ya leƙo?"

"To Inna zan kora?"

"Ban ce ka kore ta ba. Barci nake so. Barci! Idona kamar an zuba yaji."

Ya sosa ƙeya, ya zuba shayi, ya shige cikinsu ya nemi wuri kusa da hita. Har da cire takalmi.

Ta tsaya tana kallonsu, zuciya na tafasa. Ta buɗe baki, sai ta haɗa ido da tsohuwa, ta haɗiye. Can ta hango makullin ƙanwar miji a kan tebur. Ta naɗe bargunanta, ta ɗauki makulli, ta tsallaka, ta buɗe ɗakin ƙanwar mijin, ta danna sakata.

Ɗakin sanyi kamar cikin firji. Taga na kaɗawa, gado ba a gyara ba. Amma shiru, ko tari babu. Ta hau gadon da safarta, ta ƙudundune.

Ba a jima ba aka fara buga ƙofa.

"Matar Yaya! Ina sukari?"

"Ya ƙare!"

"Autana ya ɓata wando, kayansa na ciki. Buɗe mana, ɗakina ne fa!"

"Ɗakinki yana can inda kika kwana biyu kina zama! Ki share min gashin nan kafin in tashi!"

Direba ya zo yana lallashi. "Haba, uwargida, sanyi zai kama ki."

"Ya kama ni! Shi dai ba ya neman shayi!"

Ta ja bargo ta rufe kai. Hancinta kamar ƙanƙara, tana ta tsaki, tana lissafo su ɗaya bayan ɗaya tana ba kowa rabonsa. Ba ta kai kan Mai Kitso ba minshari ya ƙwace mata.