Hannun Dorothy a Cinyar Baba Madu

"Ba ƙarfen bam ba ne, Sista," in ji Baba Madu, "ku daina lalube."

Dorothy ta yage wandon da almakashi, ta ga matse-matsinsa ya kumbura kamar gwanda, jini na tsartuwa ta wata 'yar huda. Kwana biyar ke nan da likitocin Abuja suka bi ta jijiyar cinyarsa suka buɗe masa hanyar jinin zuciya da ta toshe. Sun ɗora shi kan maganin tsinka jini, sun ce ko buta kada ya ɗaga. Amma dattijon mai taurin kai, da bam ya tashi a kasuwa da hantsi, mutum huɗu ya ciccibo zuwa Keke Napep.

Likita ɗaya ne a asibitin nan, kuma yana tiyata. Dorothy ta dunƙule hannu biyu ta danne jijiyar da duk ƙarfinta. Minti talatin ake bukata, ba ɗagawa, in ba haka ba jininsa ya ƙare a kan tabarmar barandar nan.

A minti na goma wayarta ta fara ruri a aljihu. Mijinta Manasse a kasuwar yake gyaran rediyo, kuma tun da aka fara shigo da mutane take duban fuskokinsu a tsorace.

"Ɗauki mana, 'yata."

"In na ɗaga hannu ka tafi, Baba."

Wayar ta katse, ta sake. Hawaye ya zubo mata, ba hannun sharewa.

"Wa kike da shi a can?"

"Maigidana."

"La ilaha illallahu. Sake ni, ni na ci zamanina."

"Yi min shiru, don Allah!"

Can ya miƙa hannunsa, ya ce ta yi masa afuwa, ya zaro wayar daga aljihun rigarta, ya kara mata a kunne. Yatsunsa sanyi ƙalau.

Hayaniya ta fara ji, sannan muryar Manasse: "Doro? Ina lafiya. Wani tsoho ne ya ɗauke maƙwabcina zuwa wajenku, ki duba min shi."

Ta kalli Baba Madu. Ta dubi agogon bango.

"Baba, riƙe wayar da kyau," ta ce, ta ƙara dannawa. "Saura minti goma sha bakwai."