Ƙugin Cikin Kafinta

Shekara da shekaru matar kafinta tana yi wa mijinta tsiya saboda ƙugin cikinsa. Da rana ta take, sai ka ji kamar ana jan benci a kan siminti.

"Maigida, cikin nan naka ba shi da kunya," takan ce.

Da aka yi masa aikin hanji, likita ta hana shi ko ruwa. Ta ce hanji matsa abinci yake yi yana tura shi gaba, motsin nan ne ƙugin. Bayan an yi aiki, hanji yakan yi barci, kuma sai ya farka za a ba majinyaci abinci.

Kullum matar na kara kunne a cikinsa, gefen bandeji, amma shiru. Haka ya rasu da yunwarsa.

Bayan masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa, ta zuba abincin rana a faranti ɗaya. Sai ta ji jan bencin nan. Ta dafa cikinta, ko motsi babu. Daga kujerarsa ƙarar ke fitowa.

"Sai yanzu ka ga damar farkawa?" ta ce.

Ta miƙe ta ɗauko faranti na biyu.